Yadda Mma Adiza Ta Kai Mu Hutu

Ku da kuka san mahaifiyata, Mma Adiza mai waakye, wato dafa-dukar shinkafa da wake, ta bakin kwatar Maamobi a Accra, kun san halinta. Ba ka gama yi mata magana sai ta karkata kai, ta runtse ido ɗaya, ta nuna ka da ludayi ta ce, "A ina aka rubuta?" Ka ce mata ana ruwa ba a fita kasuwa, a ina aka rubuta? Ka ce mace mai shekarunta ba ta hawa okada, a ina aka rubuta? Abin dariyar kuma, baiwar Allahn nan ko bihim ba ta sani ba a boko! Amma malamai da likitoci da masu unguwa duk ta yi musu wannan tambayar, kuma ban taɓa ganin wanda ya tashi da nasara ba.

Tun da aka yi sadakar arba'in ɗinta, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ce, "Memuna, ba mu labarin tafiyar nan taku." Bakina ya gaji. To ga shi sau ɗaya, kowa ya ji.

'Yata Rukaya ce sila. Tana aji huɗu a lokacin. Ranar da za a ba su dogon hutu ta dawo daga makaranta ido jawur, ta wuce bayan tukunyar kakarta ta zauna. Ashe malamarsu ce ta tambayi kowa inda zai je hutu. Wannan ya ce Kumasi, waccan ta ce Dubai. Da aka zo kan Rukaya, kafin ta buɗe baki wani ɗan ajinsu ya ce, "Ai 'yan zango tekunsu kwatar Nima ce." Yana nufin babbar magudanar dattin nan da ta ratsa unguwanninmu na Hausawa. Aji ya ɗauki dariya.

Mma ta ajiye ludayi a kan murfi. Jama'a, shekara talatin da wani abu tana sayar da waakye a wurin nan, sau biyu kacal ta taɓa rufe tukunya: da ta je aikin Hajji, da kuma takabar mahaifinmu. Ta dubi mutanen da ke tsaye da kwanoni ta ce, "Kowa ya ci ya ƙoshi. Daga Litinin babu waakye, za mu tafi hutu."

Yayana Seidu, telan nan na Accra New Town, shi ke kai ta asibiti saboda hawan jini da ciwon zuciya. Da labari ya same shi, da tef a wuya ya iso.

"Mma, likita fa ya ce ki huta."

"To ni me na ce? Ba hutu na ce ba?"

"Kwanciya ya ce ki yi a gida!"

"A ina aka rubuta?"

Yaya Seidu ya zaro katin asibiti daga aljihu yana murna, yau dai ya kama ta. Ta karɓa, ta riƙe shi a juye, ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa masa ta ce, "Wannan rubutun ko shi da ya yi shi ba zai iya karantawa ba."

Ya sassauto ya ce to a je Labadi mana, ga teku nan kusa, a dawo kafin la'asar. Ta ce, "Labadi unguwa ce. Inda za ka je wani ya ce maka 'Mma, yau babu waakye?' ba ka je hutu ba."

Maƙwabcinmu Efo Kwami, direban trotro, bas ɗin haya, mutumin Keta ne, kuma rabin jikinsa waakyen Mma ne. Shi ya tsara hanya: kwana biyu a bakin teku a garinsu, daga nan mu haura arewa zuwa Afadjato, dutsen da ake cewa ya fi kowane tsawo a Ghana. Mma ta ce wannan na ƙarshen shi take so. Yaya Seidu ya rufe shago ya biyo mu, wai don ya riƙe mata magani.

Ranar Litinin da asuba Efo ya ga kayan da ake fitowa da su: kurfoti, murhun ƙarfen nan, buhun gawayi, babbar tukunya, shinkafa, wake, karan dafi, kanwa, da bokiti mai murfi cike da shito, soyayyen yajin nan baƙi. Ya cire hula ya ce da Hausarsa ta zango, "Mma, hutu za ka ko ƙaura?"

"Kai dai ɗaure. Cikin jikokina ba zai ci abincin da ban san hannun da ya dafa ba."

Muka shiga, ni da Rukaya da tagwayena Alhassan da Fuseini masu shekara shida, da Yaya Seidu rungume da ledar magani. Mma ta zauna gaba. Har muka tsallake gadar Sogakope tana koya wa Efo tuƙi, ita da ko keke ba ta taɓa hawa ba.

A Keta muka sauka a wani masauki da ke kan rairayi, ga itatuwan kwakwa, ga teku yana ruri. Ba mu gama sauke jaka ba Mma ta hura gawayi a tsakar wurin. Sai ga manaja, wani dogo mai farar riga, ya taho da sauri yana Turanci. Yaya Seidu ya fassara: ba a girki a nan, suna da ɗakin abinci.

"A ina aka rubuta?"

Manaja ya nuna wani allo a jikin bango. Kai, a ranar na ce shi ke nan, an ƙure Mma.

Ta dubi allon ta ce, "Da wane yare?"

"Turanci ne, Mma."

"To ai Turawa ake yi wa."

Manaja ya kafe. Sai ta tambaye shi ina iyakar filinsu. Ya nuna shingen kara. Ta ce, "Bayan shingen fa? Tekun ma naku ne?" Ya ce a'a. Ta ɗauki kurfoti da wutarsa, ta taka taku ɗaya bayan shinge, ta ajiye, ta ɗora tukunya. Kafin azahar ƙamshi ya bi iska. Masuntan da suka gama jan koma suka zo, ta zuba musu, suka cika mata kwano da ɗanyen kifi. Turawa biyu da ke masaukin suka fito da faranti, shito ya sa su hawaye suna ƙarawa. Can sai ga manaja da kansa, yana waige-waige, da kwano a bayansa.

Mma ta ce, "Je ka duba allonka tukuna, kada ka karya doka."

Ya ce da guntuwar Hausarsa, "Mma, na tsallake shinge."

Ta cika masa har da ƙwai biyu.

Da la'asar aka je shiga ruwa. Tagwaye suka ruga, amma Rukaya ta tsaya nesa tana riƙe da zanina. Duk saboda ita aka zo, ga shi tsoro ya hana ta. Mma ba ta lallashe ta ba. Ta ɗaure hijabinta a ƙugu, ta kama hannun yarinyar ta ce, "Ni da na tsallake kwatar Nima ana ambaliya da tukunya a ka, wannan ne zai ba ni tsoro? Taho." Suka shiga har gwiwa. Igiyar ruwa ta farko ta wuce. Ta biyu ma. Ta uku ta zo kamar da gayya, ta kwashe ƙafafun Mma, sai ga ta jaɓal!

Kun san yaranmu na zango, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsu, abin da Mma ta tsana, don ita mahaifinta Basakkwace ne. Fuseini ya kwarma ihu, "Kaka ya faɗi! Kaka ya faɗi!"

Tana zaune cikin kumfa, ruwa na zuba daga hijabinta, ta ɗaga yatsa ta ce, "Na farko, 'ta' ake cewa. Na biyu, ban faɗi ba, zama na yi."

Rukaya ta fashe da dariya har ta faɗa kanta, daga nan kuwa da ƙyar muka fitar da ita daga ruwan. Mma ta lashi leɓe ta yatsine fuska ta ce gishiri ya yi yawa, duk wanda ya haɗa wannan bai iya ba. Yaya Seidu ya ce, "Mma, Allah ne fa." Ta ce, "Astagfirullah. To ya yi daidai."

Rana ta uku muka kama hanyar dutse. Ƙasa ta canza, rairayi ya ƙare, sai duwatsu shuɗi-shuɗi da daji kore shar, hanya tana nannaɗewa. Yara suka manna fuska a taga. Muka kwana a wani ƙauye a gindin Afadjato, da safe aka haɗa mu da ɗan jagora, wani magidanci mai sanda. Ya dubi Mma sama da ƙasa, ya ce wa Efo da yarensu gara tsohuwa ta jira a inuwa. Ba ta jin yaren nasu na Ewe, amma kalmar raini kowane yare aka yi ta tana ganewa. Ta karɓe sandarsa daga hannunsa ta wuce gaba.

Hawan nan ba wasa ba ne. Hanya ce siririya a miƙe tsaye, ga saiwoyi, ga santsi. Ni da nake da ƙuruciya sai da na ga taurari. Mma tana tafe tana salati, taku goma ta tsaya, taku goma ta tsaya. Wajen rabin hanya ta sami wani faffaɗan dutse ta zauna. Na dubi fuskarta. Leɓenta ya yi toka-toka, numfashi yana fita da ƙara.

Yaya Seidu ya durƙusa yana kwance ledar magani. "Shi ke nan, mun koma. Kowa ya juya."

"Wa zai juya?" Da ƙyar maganar ta fito, amma idon nan ɗaya a runtse yake. "Seidu, na rufe tukunyata don yaran nan su tsaya a rabi? Ɗauke su ku kai ƙarshe. In kun kai ku kira ni, ina so in ji."

"Mma, don Allah..."

"Ba ni ƙwayar in sha. Memuna za ta zauna da ni. Tafi, kafin in tashi in riga ka."

Ya tafi yana waiwaye. Muka rage ni da ita da kukan tsuntsaye. Ta sha magani, ta jingina da kafaɗata, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo. Can ta ce, "Memuna, na ji abin da likitan nan ya faɗa wa yayanki a bakin ƙofa. Suna zaton ba na jin Turanci. Ba na ji, amma na ga fuskar Seidu." Na fara hawaye. Ta ce, "Kul. Ba kuka na kawo ki ba. Ni na zo Accra da ƙullin zani, in ka cire Hajji, ban taɓa ganin komai ba sai hayaƙin murhu. Ba na so yaran nan ma wani ya zana musu iyaka su tsaya a kai. Dubi can." Ta nuna ƙasa, ta tsakanin itatuwa, rufin gidajen ƙauyen kamar kwalayen ashana. "Ashe haka duniya take in ka ɗan ɗaga."

Mun kai kusan sa'a ɗaya a wurin. Launin leɓenta ya dawo. Sai muka jiyo muryoyi daga sama, siriri, iska na yanke su: "Kaakaa! Mun kai! Maamobi ya kai!"

Ta miƙe tsaye, ta kama sanda da hannu biyu, ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa. Wallahi sai da tsuntsaye suka tashi. Wasu matasa masu hawa da suka zo wucewa suka tsaya suna tafi, ɗaya ya tambaye ta da yaren Twi ko ba za ta ƙarasa ba. Ta ce, "Nan ne dutsen ya ƙare. Sauran na yara ne."

Saukowa ta ƙi yarda kowa ya goya ta. Ɗan jagora ya miƙa hannu, ta ba shi jakarta.

Muka dawo Maamobi ranar Asabar, yara sun yi baƙi, aljihunsu cike da rairayi da ƙananan duwatsu, Rukaya ba ta rufe baki. Litinin Mma ta buɗe tukunya. Duk wanda ya miƙo kwano sai ya ji ta hau Afadjato kafin a zuba masa. Wata rana Yaya Seidu ya kasa haƙuri ya ce a hankali, "Mma, rabi fa kika kai."

Ta ce, "Na hau ko ban hau ba?"

"Kin hau."

"Na ce wa wani na kai?"

"A'a."

"To ci waakyenka."

Wata bakwai ta ƙara a bakin tukunyar nan. Ranar da abin ya zo, da safe ne, ta gama jiƙa wake, ta ce min kanta na juyawa, bari ta ɗan kishingiɗa kafin ruwa ya tafasa. Ruwan ya tafasa, na je tashinta.

Ku da kuka ci daga hannunta, da ku da kuka sha faɗanta, don na san yawancinku duka biyun kuka samu, ina roƙonku ku yafe mata kaifin baki. Allah ya jiƙan Mma Adiza, ya gafarta mata, ya sanyaya makwancinta, ya yalwata mata shi, don ba ta son matsi. Ya raya mana yaran da ta bari, ya ba su irin zuciyarta. Ya haɗa mu da ita a inda ba a rabuwa. Amin.