Allurar da Gwaggo Ta Bari a Ƙasa

Gwaggona ɗinkin bargo take yi, irin wanda ake sa auduga tsakanin yadi biyu a bi da keken ɗinki. Takan sauke haƙoran keken, ta riƙa juya yadin da tafukanta a ƙarƙashin allura, zare yana fitar da ganye da igiyar ruwa. Hannu kam Allah ya ba ta, amma ko da'ira ba ta iya ƙirƙirowa da kanta. Wannan aikin mijinta ne.

Baba Mai Biro muke ce masa. Gadin wani sito yake yi, kuma zaman banza ya koya masa zane a bayan kwalin magani: ƙugiya cikin ƙugiya, layi ɗaya ba ya ɗaga biro. Idan ya dawo sai ya ajiye kwalin a kan kekenta, ko kallonta ba ya yi.

"Wannan kuma wane shirme ne?" in ji ta.

"To ki jefar mana."

Washegari shirmen yana kan bargo. Ban taɓa jin sun yi wa juna magana mai daɗi ba, iyakar hirarsu ke nan tun ina yarinya.

Da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, sito suka sallame shi. Ya zauna a kujerar bakin taga yana cewa ya zama kaya. Abinci ma sai an yi da gaske. Gwaggo ta tsorata, ko da yake ba za ta taɓa faɗa ba. Ta cusa masa biro a hannun hagu.

"Malam, an kawo aiki, kai kuma ka zauna kana kallon titi. Wa zai zana min?"

Ƙarya take yi, babu wanda ya kawo komai. Layin ya fito yana rawa, yana karkacewa. Na ɗauka za ta gyara, sai ta ɗinka shi da rawarsa. Kullum ya zana faɗin tafin hannu, ita ta bi shi da zare, shi kuma ya ci abinci don ya samu ƙarfin na gobe. In ta tsaya, takan bar allura a soke cikin yadi don kada layin ya yanke.

Bargon bai kai rabi ba Baba Mai Biro ya rasu.

Bayan an watse zaman makoki na shiga ɗakin ɗinki. Ƙura ta hau keken, allurar tana nan a ƙasa, soke cikin yadin bargon. Tausayinta ya kama ni, na ce, "Gwaggo, ki ƙarasa mana. Ai maimaici ne, kin san zanen."

Ta daɗe tana kallon wurin da zaren ya tsaya.

"Ke dai ba ki san shi ba," ta ce. "In na ɗauka dama zai yi, sai ya yi hagu. Bai faɗa min inda zai nufa daga nan ba."