Ƙodar da Na Ba Yayana

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka yanke ni, aka ɗauki ƙodata ɗaya aka dasa wa yayana. Ma'aikacin masaƙa ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu. Ba wanda ya roƙe ni, ni na ce a gwada jinina. Da muka dawo unguwarmu, Sabon Tasha, daga asibitin ƙasar waje, 'yan zumuntar mata na cocinmu sun tarye mu da waƙa har bakin titi.

Ba a kai shekara ba ƙafafunsa suka sake kumbura. Bai taɓa tsallake magani ba, ni shaida ce.

Likitan da ke duba shi ya zaunar da ni. Ya ce, "Jini yana da masu gadi iri biyu. Wasu da faɗa aka halicce su, ba sa tambaya. Wasu kuma, ƙwayoyin T, sai sun gane baƙo kafin su kai hari, su ne maganin yake riƙewa. A jikin yayanki na biyun sun ɗauki halin na farkon. Maganin ya daina kama su."

Na kawo wannan bayani gida, ba wanda ya yarda da shi. Gwaggonmu ta riga ta gano nata dalilin: wai ban bayar da zuciya ɗaya ba, shi ya sa naman ya ƙi zama. An bar jaki ana dukan taiki. Maganar ta zaga coci, har fasto ya kira addu'a a falonmu, ya ce in saki abin da na riƙe a zuciya.

Na dubi Mama, ina jiran ta tsawatar. Sai ta ce, "'Yata, ki faɗa mana, ko Allah zai sa ya tashi."

Yaya yana kwance a kujera, ko magana ba ya iyawa sosai. Na durƙusa da tabon aikin a cikina, na ce na yi nadamar bayarwa, a gafarta mini. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma har yau ina jin haushin kowa da ya ce amin.

Kafin Kirsimeti muka binne shi. A unguwa yanzu ba mai tuna cewa an yanke ni. Abin da suka riƙe shi ne na amsa da bakina, kuma yaya ya ji.