Kusa da Takalma

A shekarun da gyaɗa take sharafinta aka tura ni koyarwa wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Kabo. Da aka kafa majalisar ƙauye, sai umarni ya zo daga sama cewa lallai a sa ɗan boko ɗaya, ni kaɗai ne kuwa a garin. Na tarar da dattawa waɗanda ƙaraminsu ya ga isowar jirgin ƙasa Kano da idonsa. Aka ba ni wurin zama a bakin zaure, kusa da takalma. Har yau ba zan iya faɗin ra'ayin kowannensu ba, amma takalmin kowa na san shi.

Garin kuwa na samari ne. Su ke noma gandun iyayensu, ragowar yini su kai gayauna, ɗan filin da ake yankar wa saurayi ya noma na kansa. A kakar nan majalisa ta yanke cewa samari su fito gayyar gyaran hanya saboda motocin gyaɗa. An riga an cire gyaɗar gandu, ta gayauna ce ke ƙasa, ga ruwa ya ɗauke. Ƙasa in ta bushe, ka ja ganye ya biyo ka, 'ya'yan su yi zamansu.

Samari suka same ni da la'asar a ƙofar makaranta. Babbansu, wanda kullum muke dara tare a wurin, ya ce ba ƙin aikin suke ba, a ɗaga shi kawai sai sun cire. “Kai ne namu a ciki, Malam. In ba ka faɗa ba, wa zai faɗa?”

Na shirya jawabi har da gabatarwa da kammalawa, yadda aka koya mana a kwaleji. Abin da kwaleji ta manta shi ne, a zauren nan yaro ba ya magana da dagaci kai tsaye. Wani dattijo zai faɗa wa, shi kuma ya wanke maganar, ya goge ta, sannan ya miƙa. Na durƙusa na zayyana komai, dattijon yana jinjina kai. Da na gama ya juya wajen dagaci.

“Ranka ya daɗe, yaron nan yana gaisuwa. Ya ce samari suna nan bisa biyayya, suna neman addu'a.”

Zauren ba girma gare shi ba, kowa ya ji ni da kunnensa. Amma abin da bai biyo ta bakin dattijo ba, ba a faɗe shi ba. Aka yaba tarbiyyata, aka sa mini albarka, aka shafa fatiha.

Hanya ta yi kyau, gaskiya. Gyaɗar gayauna kuwa sai ɗan abin da aka tona da fartanya. Motocin da suka kwashi ta gandu su suka kwashi samarin zuwa ci-rani, da yawansu kuma damina ba ta dawo da su ba.

Abokin darata bai yi mini faɗa ba. Kafin ya tafi ya dai fara tuɓe takalmi daga nesa in zai gaishe ni, yana ce mini ranka ya daɗe. Na ci gaba da zama a ƙofar makaranta da la'asar, har ƙasa ta cike ramukan darar.