Sheƙin Alminiyon

Minti arba'in ke nan ina jiran a gyara mini salansa, ina kallon dattijon mai walda na rumfar gaba. Kan injin wata bas ne a gabansa, na alminiyon, ya tsage. Na ƙirga tabon ƙuna goma sha ɗaya a hannunsa na dama kaɗai. Da farce yake bin tsagar, sau uku, idanunsa fari-fari suna zubar ruwa.

Direban bas ɗin na tsaye a kansa. "Baba, in ya lalace na zauna gida ke nan. Kana dai gani ko?"

"Tun ba a haife ka ba nake gani. Matsa can, ka tare mini haske."

Direban ya koma inuwa, dattijon ya kunna wuta. Ƙarfe kan yi ja kafin ya narke, alminiyon kuwa ɗan sheƙi kawai yake yi, daƙiƙa biyu sai ya zube. Ina jin ya shekara talatin yana kama sheƙin nan. Sai ya karkato wajena, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗana, zuba mini ido nan. In ya fara sheƙi, taɓa kafaɗata."