Ƙofar Ƙasan Jirgi

Raija Koskela ba ta iya zama wuri ɗaya ba. A ofishin zanen jiragen ruwa na garin Rauma kowa ya san haka. Ta zauna minti goma, ta miƙe ta haɗa kofi, ta leƙa taga, ta dawo ta tarar ya huce.

Asalinta mai walda ce. Shekara goma sha tara ta yi tana rarrafe a ƙasan jirage, cikin 'yan akwatunan ƙarfen da ko kare sai ya yi tunani kafin ya shiga. Wata rana hayaƙi ya turnuƙe ta a ciki, ƙofar fita ta yi mata nisa, sai abokin aikinta Tuomo ne ya jawo ta ta ƙafa. Huhunta bai koma daidai ba. Aka hau da ita ofis, aka koya mata manhajar da ke zana ƙashin jirgi: ka ja layi, ta lissafa nauyi da dukan igiyar ruwa, in ƙarfe zai ɗauka ta nuna kore, in ba zai ɗauka ba ta nuna ja. Raija ta laƙance ta, amma yarda dai ba ta taɓa yi da ita ba.

Ranar Talata zanen wani jirgin fito ya iso gabanta, kore shar daga kai har ƙafa. Juma'a za a fara yanka ƙarfe. Sai idonta ya faɗa kan wata ƙofar ƙasan jirgin, an matse ta tsakanin ƙarafa biyu, mai fita sai ya lanƙwasa sau biyu. Kuma Tuomo ne zai yi waldar wurin, mutumin da ƙiba ta ƙara masa faɗi.

Ta sami Joonas, injiniyan da ke shugabantar sashen.

"Joonas, ƙofar nan ba ta yi ba."

"Haba Raija! Kore ne fa. Faɗinta ya cika ƙa'ida."

"Ƙa'ida ce za ta shiga da kayan walda?"

"In kika matsar da ita sai an sake lissafin ƙasan gaba ɗaya. Sati guda ke nan. Wa zai gaya wa manaja, ni ko ke?"

Kwana biyu ta yi tana safa da marwa, ta sauka wurin ƙirar jiragen, ta hau ofis, ta sake sauka, tari yana cin ta. Ranar Alhamis, ana tsakiyar shan miyar wake a ɗakin cin abincin ma'aikata, ta shigo tana jan kwalaye da ta liƙa ta kwaikwayi ƙofar da ƙarafan nan biyu, daidai da awon zanen.

"Bismillah, ranka ya daɗe, shiga ka fito," in ji ta, ta ɗora wa Joonas hular walda.

Aka bushe da dariya. Joonas siriri ne kamar sanda, ya shiga da fara'a. A fita ne kafaɗarsa ta maƙale. Ya juya, ya ja baya, ya sake juyawa, ita kuwa tana ƙirga da ƙarfi. Tana kai arba'in dariyar ta ɗauke.

"Yanzu ƙara hayaƙi," ta ce a hankali, "ka kashe fitila."

Joonas ne ya je wurin manaja. Raija ta matsar da ƙofar, allon ya koma ja, ta yi kwana shida tana ƙara ƙarfe nan, tana rage can, har ya sake yin kore. An daɗe a ofis ana jin haushinta, abin ya kuma dame ta, don ba ta da wani wurin zuwa.

Bayan wata huɗu ta sauka wurin ƙira, ta iske Tuomo yana fitowa ta ƙofar nan da ta matsar, sumul, numfashi ɗaya. Ya cire hula yana share gumi.

"Ke, 'yar ofis! Ki gaya wa masu zanen nan naku ba su san wahala ba. Ƙofa kamar bakin kwalba! Wanda ya zana ta bai taɓa shiga ƙasan jirgi ba."

Raija ta dube shi, ƙato, yana shan iska son ransa. Hawaye ya cika mata ido.

"Zan gaya musu," ta ce.