Kukan Aksul da Janbakin Inna

Shekarun baya, lokacin da nake jan wata tsohuwar a-kori-kura ina kwaso wa manoman Danchadi albasa, haƙoran aksul ɗin bayan motar, wato ƙarfen da ke juya ƙafafun baya, suka kakkarye. Ana tsakiyar kaka ne, buhunan mutane na jibge a fadama, rana na dukansu, kowa ni yake jira.

Na sayo sababbin haƙora, babba mai kama da faifai da ƙaramin da ke juya shi. Da kaina na ɗaura, wai ni ɗan makanike, abin a jini yake. Ko titi ban hau ba motar ta ɗauki wani kuka daga ƙarƙashi, har masu shayi suna miƙewa su ga abin da ke tafe.

Mahaifina ne gwanin wannan aiki a Bodinga, amma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya riga ya kwantar da shi. Hannun dama ya daina aiki, magana da ƙyar take fita. Ko ƙofar gida ya daina leƙawa, in an zo dubiya sai ya juya fuska bango.

Sai na lallaɓa da motar zuwa Shagari, wurin wani abokinsa da suka koyi aiki a gareji ɗaya. Tun suna samari suke gardamar wa ya fi wani iyawa. Ya saurari kukan, ya girgiza kai.

"Ɗana, wanga aiki ya hi ƙarhina. Mutum guda na sani da ya iya shi, yana nan kwance gidanku."

Na ce, "Baffa, ai ka san halin da yake ciki."

"Hannu ya rasa, ba ido ba."

Washegari da hantsi sai ga shi. Muka kwance tukunyar aksul ɗin, muka shigo da ita har tsakar gida, ya dire ta gaban tabarmar Baba.

"Tashi, tsoho. Na kasa. Yau dai ka ji na hwaɗi da bakina."

Baba ya kau da kai. Baffa ya zauna ya fara haɗawa yana ƙunƙuni. Ina kallon Baba yana satar kallonsa ta gefen ido. Can da Baffa ya ɗauko wata washa mai kauri, irin zoben ƙarfen da ake saita haƙoran da shi, zai saka, sai muka ji, "A'a!" Rabon da mu ji muryarsa da ƙarfi haka tun kafin ciwon.

Ana shafa wa haƙoran launi ne a juya, a ga inda suke cizon juna, mu kuwa ba mu da shi. Baba ya nuna ɗakin mahaifiyata, ya taɓa leɓensa. Janbaki yake nufi. Inna ta miƙo tana cewa, "Ni da nike ɓoyonshi don biki, ashe mota za a yi wa kwalliya!"

Aka shafa, aka juya. Tabon janbakin ya fito can bakin haƙori. Baba ya ce a ƙara siririyar washa bayan ƙaramin haƙorin. Aka kwance, aka ɗaure, tabon ya nutse gindi. Aka sake kwancewa. Haka suka wuni, sallah kawai ke tayar da su. Baba na kama babban mai kama da faifan da hannun hagu yana ɗan girgiza shi, kunnensa a kusa, yana sauraron ɗan wasan da ke tsakanin haƙoran. Baffa kuwa ba ya juya ko noti sai ya ɗaga kai ya ce, "Haka, maigida?"

Bayan la'asar tabon ya zauna daidai tsakiyar haƙori. Muka mayar da tukunyar jikin mota, Baba ya ce sai an ɗauke shi an zaunar da shi a gaba. Muka ɗauki hanyar Danchadi, ba ka jin komai sai inji da iska. Na waiga na ga yana dariya da rabin baki, hawaye na bin kuncinsa. Albasar mutane ta isa kasuwa lafiya. Daga wannan makon kuma Baba ya sa aka ajiye masa kujera a tsohon garejinsa, makanikai na kawo masa aiki yana dubawa.

Da damina na biya ta Shagari in gaida Baffa. Na tarar da shi yana saita aksul ɗin wata bas, shi kaɗai, yana hira da direban, ko kallon hannunsa ba ya cika yi. Kafin in gama cin gyaɗar da na saya ya ɗaure, bas ta tashi shiru. Da muka haɗa ido ya gane na gane.

Ya nuna ni da sifana. "In ka hwaɗa mai, ni da kai."

Na sha ganin masu taimako, amma ban taɓa ganin wanda ya ajiye gwanintarsa, ya yarda a ce ya kasa, don abokinsa ya tashi zaune ba. Har Allah ya karɓi ran Baba yana ba baƙi labarin ranar da mutumin Shagari ya zo neman agaji. In Baffa na wurin sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya na, ya hi ni."