Rumfar Korar Tsuntsu a Bayan Gidanmu

Shekarar da ɗiyata ta aiko mana da 'ya'yanta uku daga Galadi, saboda gonaki da hanyoyi sun daina aminci, babbarsu ba ta wuce shekara shida ba. Yarinyar ba ta zaman gida. Da an kau da ido sai ta sulale ta zaure ta tsaya bakin hanya, tana duban kowane babur ko uwarta ce a kai. Sau biyu ana maido mana ita daga kusa da tasha, ƙannenta biyu na biye da ita. Hajiya, matata, ta ce a riƙa sa sakata. Ni kuwa na fi son a samo abin da zai riƙe su a bayan gida da son ransu.

Na daɗe ina fataucin fata, na ga wuraren wasan yara iri-iri. A Yamai na ga lilo na sarƙa, a Kumasi na ga tayoyin mota an binne su rabi cikin ƙasa. Amma wanda ya zauna mini a rai shi ne na Jidda, a bakin teku: tsani, sai faranti mai santsi da yara ke zamowa a kai, rigunansu na tashi cikin iska. Na zana shi a takarda na kai wa wani mai walda kusa da tsohuwar tashar jirgin Ƙaura.

Ya juya takardar sama da ƙasa. "Alhaji, wanga mi ne? Tsani ko indararo?"

"Abin zamiyar yara ne. A Jidda na gan shi."

"Na ƙarfe? To, Allah shi sa ranarsu irin tamu ce."

Ban saurare shi ba. Sai daga baya na tuna cewa ban taɓa zuwa wurin nan na Jidda ba sai bayan la'asar. An kafa mana shi tsakiyar fili, cikin bazara. Da safe yaran suka yi ta hawa suna dariya. Kafin hantsi ya ɗaga, ƙaramin ya zamo ya tashi da kuka yana riƙe da ɗuwawu, sai cikin baho aka zaunar da shi.

Hajiya ta taɓa ƙarfen da ɗan yatsa ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Alhaji. Tanda ka sawo, bari in kawo ƙullun masa."

Cikin mako guda ta fara shanya kuɓewa a kai, yarinya kuma ta koma bakin hanya.

Wata rana na same ta a zaure na zauna kusa da ita. "Amaryata, abin da na kafa maki bai yi ba?"

"Ni ba amaryarka ba ce, tsoho mai furfura," ta ce, ba ta ko dube ni ba. "Kuma abinka ba shi da wurin zama. Ka hau, ka sauka, shi ke nan. Rumfarmu ta gona ta fi shi. Kana bisa kana ganin kowa, in tsuntsaye sunka zo ka ja igiya."

Maganarta ta maida ni ƙuruciya. Sai ga ni a Sakajiki, a gonar kakana, bisa rumfar korar tsuntsu. Gwafa huɗu ce da shimfiɗar kara, amma a lokacin gani nake ta fi kowane bene. Gero na kaɗawa a ƙasa kamar ruwa, gajimare na wucewa a hankali, ni kuma ina ba su sunayen garuruwan da ban taɓa zuwa ba. In na ja igiya, gwangwanaye su yi ƙara tun daga wannan kunya har waccan, tsuntsaye su tashi gaba ɗaya kamar an kakkaɓe baƙin zane. Wataƙila daga can saman ne sha'awar tafiya ta fara kama ni. Na zaga ƙasashe, na koyi harsuna, na manta da rumfar sarai.

Ranar kasuwa na tafi Kasuwar Daji na zaɓo gwafa masu kauri da igiya da zana. Muka kafa rumfar ƙarƙashin dogon yaro, inda inuwa ba ta barin wurin. Tsawonta ne muka yi gardama a kai. Ni ina son wanda ya zauna bisa ya hangi hanya ta saman katanga.

"In yarinyar nan ta ga hanyar, ai sai hanyar ta ƙara kiranta," in ji Hajiya.

"In tana ganinta daga nan, ba sai ta je ba."

Ban tabbata ba ni ma. Muka yi tsani mai faɗi saboda ƙaramin, muka zuba yashi a ƙasa. Da ruwa ya sauka na shuka gero kunya biyar a jikin katanga, muka rataya gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki, na danƙa wa yarinyar bakin igiyar na ce gonar tata ce.

Kafin gero ya fitar da kai, rumfar ta zama mota, ta zama shago, ta zama jirgin Makka. Nakan kwanta a tabarma ƙarƙashinta da azahar, ɗan hasken ranar da ya ratso ganye na zubowa ta tsakanin zana, ina jin ana sayar mini da tikiti. In babur ya wuce sai yarinyar ta miƙa wuya ta duba, ta koma wasanta.

Gero na cikin nuna uwarsu ta samu hanya ta zo. Yarinyar ce ta fara hango ta. Na zaci za ta diro ta ruga zaure. Sai na ji muryarta daga sama.

"Inna, hawo nan! Ba ni iya sauka, tsuntsaye na jira in tashi."

Ɗiyata ta ajiye jakarta a gindin bishiya, ta tattare zane, ta kama tsanin.